Wanda ya iya aikin ya ƙi koyarwa, waɗanda na koya wa kuma suna tafiya. Ya zan yi?

Mai_Sola_Kawo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsu ko suka taɓa riƙe wani waje.

Ina da shagon sola a nan Kawo cikin Kaduna, muna saida fanel da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) da batura kuma muna zuwa mu haɗa wa mutane a gidaje da shaguna da ƙananan asibitoci. Mu tara ne duka duka har da ni da yarinyar da ke riƙe mana lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aiki ya buɗe Alhamdulillahi, mutanen da a da in ka musu maganar sola sai su ce ai janareto na nan yanzu su ke nemanka da kansu, balle lokacin da aka lalata layin wutar lantarki na Shiroro a Oktoban 2024 Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, wallahi wayata ba ta huta ba. Toh matsalar ita ce aikin ya fi ƙarfin hannun da nake da shi.

Mutum ɗaya ne a cikinsu ya san aikin ciki da bai. Tare muka fara da shi, ya ma girme ni, kuma wajen amana ba ni da abin cewa, ko guntun waya ya rage a wajen aiki sai ya dawo da shi shago. Amma fa ba ya koyarwa. In an je aiki yaran ne ke hawa rufi, su ɗaura fanel, su fasa bango su ja waya, amma da an zo kan lissafin lodi, wato yawan wutar da kayan gidan ke ja, ko setin inbata sai ya ce wa ɗaya je ka sayo mana fiya wata, ɗayan kuma ya ce hau sama ka ƙara duba kusoshin nan, kafin su dawo ya gama danne-dannensa ya rufe murfi ya ce a kwashe kaya. Akwai yaron da ya daɗe da mu sosai har yau bai san me ya bambanta setin batirin litiyam da na tubula ba. Ranar da mutumin nan ya yi tafiya ko zazzaɓi ya kama shi shikenan aiki ya tsaya cak, kwastoma na kira ina ta ba da haƙuri, ni kuma ba zan rabu gida uku ba, ga kasuwa ga banki ga wajen aiki.

Ta ɗaya ɓangaren kuma waɗanda ni da kaina na zauna na koya wa, ko na biya musu kuɗin kwas, da sun ga hannunsu ya faɗa sai su yi gaba. Ɗaya yana Rigasa yanzu da nasa shagon har wasu kwastomomina sun koma wajensa, ɗaya wani kamfani a Abuja ya ɗauke shi ko sallama ta kirki ba mu yi ba. Abin ya zame min kamar zuba ruwa a kwando.

Wani abokina ya ce in daina koya wa kowa komai, kowa ya tsaya kan abin da aka ɗauke shi ya yi. Wani ya ce in riƙa sa su sa hannu a takarda cewa ba za su tafi ba sai bayan shekara kaza. Ni dai duka biyun ba su kwanta min ba. Ta yaya ake sa babban ma'aikaci ya saki abin da ya sani ba tare da an ci mutuncinsa ba, kuma ta yaya ake koyar da yara ba tare da mutum ya zama makarantar kyauta ba? Nagode.

Tsohon_Masaƙa_Kakuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikata ce ke buga min wannan ina faɗa mata, don haka in ya yi tsawo a yi haƙuri da tsoho.

Ni a masaƙa na yi aikina a Kakuri har ranar da aka rufe. Ƙila ba ka riski lokacin ba, masaƙar KTL a 1957 aka buɗe ta zamanin Sardauna, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles ga sauran, in aka tashi daga aiki da rana kekuna ne ke cika titi ba masaka tsinke. To a wajen da na yi, sabon shiga ba a ba shi inji. Ƙullin zare ake fara koya masa, a zaunar da shi da zare a hannu ya yi ta ƙullawa har sai ya iya yi ido a rufe, don in zare ya tsinke a kan inji duk daƙiƙar da ka ɓata yadi ne ke lalacewa. Daga nan a haɗa shi da wani tsohon hannu ya riƙa bin sa, sannan a ba shi inji kaɗan, in ya riƙe a ƙara masa. Kuma wanda aka haɗa ka da shi ya san an rubuta sunanka a ƙarƙashin nasa, in ka iya shi aka yaba wa, in ka yi shirme shi foman zai fara kira. A sashenmu mutum ba ya samun ƙarin girma sai ya nuna wanda zai tsaya a gurbinsa. Ka ga kenan ɓoye sani bai da riba, kanka kake daƙilewa.

Kai a wajenka abin a juye yake. Mutumin nan da kake magana ba mugunta ba ce ke sa shi aiken yara ruwa, tsoro ne. Ka tsaya ka duba me yake da shi. Shagon ba nasa ba ne, jarin ba nasa ba ne, sunan da ke jikin allo naka ne, ƙila ma ba shi da takardar makaranta, shekaru kuma sun fara ja. Abu ɗaya tak da ya sa ba za ka iya rabuwa da shi ba shi ne wannan danne-dannen da yake yi in yara sun juya baya. Kai kuma kana so ya miƙa shi ga yaron da zai karɓi rabin albashinsa ya yi aikin, kuma ya fi shi saurin hawa rufi. In kai ne za ka miƙa?

Don haka kafin ka yi maganar koyarwa ka fara cire masa wannan tsoron. Kar ka yi masa maganar a shago gaban yara. Ka je gidansa bayan isha'i kamar ka je gaisuwa, tunda ya girme ka ka ba shi girmansa, ka ce Yaya aikin nan ya fi ƙarfinmu mu biyu, ina so ka zama kai ne shugaban ma'aikata gaba ɗaya, kai za ka riƙa duba aikin kowa ka sa hannu kafin a kunna. Sannan ka sa kuɗi a ciki, ba yabo kawai ba. Duk yaron da ya kai ya haɗa gida shi kaɗai a ƙarƙashinsa akwai abin da za ka ba shi, kuma duk aikin da yaron ya fita akwai ɗan kasonsa a ciki ko da yana zaune a inuwa. Ranar da ya ga yaro ya iya aljihunsa ke ƙaruwa ba raguwa ba, da kansa zai riƙa jan kunnensu su zo su tsaya su gani.

Wani abu kuma da na gani da idona. Da masaƙu suka durƙushe, KTL ta tsaya a 2002 UNTL a 2007, waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda inji ɗaya kawai suka sani duk tsawon shekarunsu. Fitoci masu gyaran inji da masu lantarki da masu walda sun samu abin yi, wasu sun kama shago wasu sun shiga Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere. Amma mutumin da aka tsayar kan abu ɗaya aka ce nan ne iyakarka, da aka rufe ƙofa ba shi da inda zai kai shi, wasu gadi suka koma wasu acaba da furfurarsu. Saboda haka shawarar abokinka ta cewa kowa ya tsaya inda aka ɗauke shi, ni ban yarda da ita ba ko don haƙƙin yaran mutane da ke hannunka.

Abba_Tech_KD:

Oga kayi hakuri amma ni ta bangaren yaran zan yi magana don nima irinsu ne, a wani shago na koya kuma nima tafiya nayi.

Tambaya daya ce zan maka, wadanda suka tafin bayan sun iya aikin nawa ka kara musu? Don a inda nayi zakaga munyi aikin miliyoyi mun wuni a kan kwano rana na dukanmu hannu duk ya tashi, in an gama oga ya miko kudin mota yace Allah yayi albarka, kuma abinda ake bani ranar da na fara ban san komai ba shine dai ake bani ranar da nake hada gida ni kadai. Toh me zai zaunar dani? Ina da uwa ina da kanne kuma ina so inyi aure kamar kowa. Masu shago kullum cewa suke yara basu da amana amma ba wanda yake cewa yaro ya iya aiki shekara ta zagayo ba'a kara masa ko sisi ba.

Sannan maganar boye seti wlh dariya take bani, a wannan zamanin? Littafin inbata yana cikin kwali, YouTube cike yake da bidiyo har da Hausa, akwai guruf guruf na WhatsApp na masu sola da zaka tura hoton eror cikin minti kadan a baka amsa. Babu abinda babban ma'aikacin naka yake boyewa da yaro mai data bazai samu ba. Abinda kawai boyewar take jawowa shine yaro ya koyi rabi. Kuma rabin sani a aikin nan shine masifa. Na san wanda ya leka ya ga yadda ake jera fanel a siris, wato a jona su daya bayan daya boltej ya taru, yaje aikin gefe ranar lahadi ya jera su yadda yaga dama bai duba iyakar boltejin da kontirola, na'urar dake tsakanin fanel da batir, zata dauka ba, bai san cewa da sanyin safiya irin na hunturu boltejin fanel karuwa yake ba, washegari da sassafe abu ya kone. Wani kuma fanel ya fara jonawa kafin batir, wani ya sa siririyar waya tsakanin batir da inbata tana ta zafi har ta narke. Kuma in hakan ta faru me gidan ba sunan yaron zai kira ba, cewa zai yi yaran shagon wane ne suka kona min kaya. Kaga ko baka koya musu ba da sunanka suke yawo.

Ni shawarata ka koya musu gaba daya kuma ka biya su daidai da abinda suka iya. Wanda zai tafi zai tafi ko me kayi masa amma da yawanmu in da ana bamu kaso a aiki ba inda zamu, bude shago ba wasa bane haya kadai ta isheka.

Maman_Hanifa:

Malam Mai Sola sannu da ƙoƙari. Ni a ofishin kula da ma'aikata nake aiki a wani kamfani a nan Kaduna, bari in ɗan ƙara kan abin da Baba ya faɗa don gaskiya ya taɓo inda ciwon yake.

Da farko kar ka ɗauka horar da ma'aikata shi ne tura su bita. Mun sha ganin irin wannan, a kama otal a raba jaka da biro da ɗan littafi, a sha shayi a ci shinkafa, wani ya yi ta haska rubutu a bango mutane na danna waya, a raba satifiket da alawus kowa ya watse, ranar Litinin a dawo ofis kamar ba a je ba. Ba wai kwas ba shi da amfani ba ne, amma in ba a tambayi wanda ya je me ka koyo zo ka nuna mana ba, to kuɗin ya tafi. A wajenmu duk wanda aka tura waje in ya dawo sai ya tsaya gaban 'yan sashensa ya yi musu bayani, kuma tun da aka fara haka mutane suka daina barci a aji don ba wanda ke son ya tsaya yana in-ina gaban abokan aikinsa.

Kai da kake da mutum tara ba ka buƙatar wani dogon tsari. Ka ware awa ɗaya a sati wadda kowa ya san ba a fita aiki a cikinta, misali safiyar Asabar kafin kwastoma su fara zuwa. A ɗauko inbata ɗaya a ɗora kan tebur a jona da batir, yaro ya riƙe da hannunsa ya shiga seti, ba wai ya tsaya yana kallo ba. Wani satin a kawo aikin da aka samu matsala a cikinsa, gidan da batir ba ya kai wa asuba misali, a zauna a bi shi tiryan-tiryan, lodin ne aka yi wa lissafi ba daidai ba ko mai gidan ne ya ƙara firiza bai faɗa ba ko ƙurar hunturu ce ta rufe fanel ba a wanke ba. Sharaɗin kawai shi ne ba zagi ba cire kuɗi a wannan zaman. In yaro ya san faɗin kuskure zai jawo masa a ci mutuncinsa gaban mutane, ɓoyewa zai yi, kai kuma sai daga bakin kwastoma za ka ji.

Abin da Abba ya faɗa kan kuɗi gaskiya ne ko da ya faɗe shi da zafi. Ka yi matakai a rubuce ka manna a bango, mai taimako, mai iya ɗaura fanel da jan waya, mai iya haɗa gida shi kaɗai, mai iya gano matsala ya gyara, kowane da abin da ake biya. A gwada mutum a aikace in ya haye a ƙara masa a watan. Yaro in yana ganin tsani a gabansa ba ya saurin leƙen waje.

Kuma dan Allah kar ka manta da yarinyar nan mai lissafi. Ita ke ɗaga waya, ita kwastoma ke fara gani. In ta iya tambayar mutum fanka nawa, firij ne ko firiza, akwai famfon tura ruwa, awa nawa kake so ta kai ka da daddare, ta yi ɗan ƙiyasi kafin ku je, ta rage muku rabin wahala. Sau da yawa in ana maganar koyon aiki a irin wuraren nan ba a ma ƙirga matan, ana ganin ai su rasit ne nasu.

Maganar sa hannu a takarda, ana yi, amma ga kwas mai tsada da ka biya daga aljihunka kawai, kuma a rubuta tun kafin ya tafi cewa in ya bar aiki kafin wa'adi kaza zai mayar da wani ɓangare na kuɗin, yana raguwa da tsawon zamansa. Kuɗin da wa'adin su zama na hankali, kuma lauya ya duba maka. Abin da ba na so shi ne riƙe wa mutum takardunsa na makaranta na asali da wasu ke yi, wannan zalunci ne kawai. Kuma ka sani takarda ba ta sa mutum ya so aiki, iyakarta ta dawo maka da kuɗinka.

Sai ɓangaren gwamnati tunda ba kowa ya sani ba. Akwai ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, tun 1971 aka kafa ta hedkwatarta na Jos, su ne ma suka fara shirin SIWES da ɗalibai ke zuwa koyon aiki a kamfanoni. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara, kuma in ka horar da ma'aikatanka bisa tsarinsu kana iya neman a mayar maka har rabin abin da ka biya, wanda kamfanoni da yawa ba sa ma nema don ba sa ajiye takardun horon. Gyaran dokar na 2011 ya sa daga ma'aikata 5 abin ya hau kanka, amma dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta mayar da shi 25, don haka kai yanzu ba ka ciki. Abin da zai fi maka amfani shi ne takardar shaidar ƙwarewa ta NSQ da ke ƙarƙashin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, wadda hedkwatarta ma a nan Kaduna take kan titin Bida. Tsarin yana duba abin da mutum ya iya da hannunsa ne ko bai yi boko mai zurfi ba, kuma kwalejin fasaha ta Kaduna, Kadpoly, ta yi irin wannan haɗin gwiwar da masu sana'a na Panteka. Akwai kuma NAPTIN mai horar da ma'aikatan lantarki tana da cibiya a Kaduna, sannan NEMSA ce ke ba masu haɗa wuta lasisi. In da ni ce, babban ma'aikacin nan zan fara nema wa takarda kafin kowane yaro. Mutumin da ke da shaida a hannunsa da sunansa ba ya jin rayuwarsa ta rataya kan sirrin seti.

Malam_na_Firamare:

Hajiya komai kin faɗa daidai amma maganar gwaji ɗin nan a yi hattara da ita a garin nan. Kowa na tuna 2017 da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa aka ce 21,780 ba su kai makin da ake so ba aka sallame su. Ba na zo yin gardama kan daidai ne ko ba daidai ba, an yi wannan an gama, amma tun daga lokacin duk ma'aikacin da ka ce wa za a gwada ka, abin da kunnensa ke ji shi ne za a kore ka. In Mai Sola ya wayi gari ya ce ranar Asabar akwai gwaji wallahi babban ma'aikacin ne ma zai fara tsarguwa, ya ɗauka da shi ake.

Ya faɗa musu tun farko a fili cewa wanda bai haye ba ba abin da za a rage masa, za a ƙara nuna masa ne ya sake gwadawa. Kuma koyarwa ta riga gwaji. Sannan a sani iya aiki daban iya koyar da shi daban, mu da muke aji mun san wannan. Akwai gwanin da in ka ce ya yi bayani sai ya ce kawai haka ake yi, ba rowa ba ce, hannunsa ne ya sani bakinsa bai saba ba. Irin wannan sai dai a sa yaro ya riƙa yi shi yana tsaye yana cewa a'a, koma baya, to nan.

Mai_Sola_Kawo:

Nagode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikar taka mai buga rubutu. Zan je gidan nasa in sha Allahu cikin satin nan.

Abba na ji ka kuma ban ji haushi ba, amma ka sani miliyoyin da kake gani yawanci kuɗin kaya ne ba riba ba, kayan nan da dala ake shigo da su, yau ka ba mutum farashi kafin ya kawo kuɗi kaya sun tashi, kuma in batir ya mutu cikin garanti ni ake kamawa ba yaron da ya haɗa ba. Ni albashi nake biya duk wata ko an yi aiki ko ba a yi ba, har da damina da kasuwa ke sanyi. Amma maganar kaso a kowane aiki zan zauna in yi lissafinta da gaske, inaga in aka cire shi daga kuɗin aiki ba daga kuɗin kaya ba zai yiwu.

Hajiya akwai abu ɗaya. In ta kai ga ya rubuta wa yara abin da ya sani, shi mutumin nawa allo ya yi, yana karanta lamba da abin da ke fuskar inbata tsaf amma in ka ba shi biro ka ce ya rubuta bayani za ka ga ransa ya ɓaci. Ban so in kunyata shi. Kuma shi na Rigasa ɗin, in ƙyale shi ne ko in neme shi?

Maman_Hanifa:

Ba sai ya rubuta ba ai. A ɗauke shi bidiyo yana seti yana bayani da Hausa yadda ya saba magana, ko ya yi ta da murya, a buɗe guruf na shago a riƙa zubawa ciki, litiyam nasa daban tubula nasa daban, kowace inbata da nata. Yarinyar lissafi ta mayar da muhimman lambobin kan takarda ɗaya a liƙa cikin akwatin kayan aiki. Amma ka nemi izininsa tukuna kuma bayan kun yi waccan maganar ta gida, in ka fara nuna masa kyamara kafin nan zai ce ana so a kwashe abin da ke kansa ne a sallame shi.

Na Rigasa kam neme shi. Mutum ne da ke buƙatar fanel da batir duk sati kuma kai kana saidawa, me zai sa ya je Kano ko ya yi oda daga Legas alhali kana Kawo? Ka ba shi farashin sari, in ka yarda da shi ka ɗan riƙa ba shi bashi, in aiki ya maka yawa ka tura masa ka ɗauki naka. 'Yan kasuwarmu ai haka suke yi, yaro ya yi shekaru ubangida ya sallame shi da jari ya ci gaba da sari a wajensa. Sauran yaran da ke shagon ma suna kallon yadda za ka yi da shi.

Abba_Tech_KD:

Toh oga na yarda da maganar garanti wannan kam ban taba biya ba sai da na fara nawa, watan jiya wani litiyam ya kusa sa ni kuka. In kun fara zaman asabar din a sanar dani inzo, akwai wata inbata da take bani eror kullum in nepa ta dawo inaso babban ma'aikacin naka ya duba min. Kuma in aiki ya maka yawa ina Hayin Banki kusa ne, amma fa kudin aiki zaka bani ba kudin mota ba.